Warin baki da ya ƙi tafiya: kemis, mai magani, ko likitan haƙori?

Ƙanina da yake bi na yana tsaron shago a Kantin Kwari. Wani dare bayan sallar isha'i ya zo gidana, muka shimfiɗa tabarma a soro, ya yi ta kame-kame da zancen kasuwa har na gane ba shi ne ya kawo shi ba. Can ya ce, "Yaya, don girman Allah ka faɗa min gaskiya. In ina magana kana jin wani abu?" Na ce masa ina ji, kuma na daɗe ina ji. Ya sunkuyar da kai. Sai ya zaro wata baƙar leda daga aljihu ya zazzage a kan tabarma: katin maganin ulsa guda biyu, ɗaya har ya ƙare, kwalbar ruwan kurkure baki mai launin shuɗi, ƙullin kanumfari, da alawar minti. A gida kuma akwai jarkar tsimi da ya saya wajen wani mai tallar magani da lasifika, wanda ya tabbatar masa dattin ciki ne ke damunsa. Wata takwas ke nan yana kashe kuɗi. In ya hau A Daidaita Sahu gefe yake zama ya juya fuska waje. In mai sayayya ya matso kusa, sai ya juya baya kamar yana neman wani yadi a kanta.

Shirun da na yi masa ya dame ni, don da na buɗe baki tun da wuri da bai kai wata takwas a haka ba. Mai wannan lalura a garin nan hanyoyi kaɗan ne a gabansa: kemis, mai maganin gargajiya, kayan ƙamshi da ruwan kurkura, gyara tsaftar baki a gida, sai likitan haƙori. Kusan kowa daga ta farko yake farawa, ta ƙarshe kuwa sai haƙori ya hana shi barci yake tunawa da ita. Ni a ganina jerin a juye yake, kuma zan faɗi dalili.

Likitocin da suka nazarci abin sun daɗe da cimma matsaya cewa cikin mutum 10 masu warin baki na dindindin, 8 zuwa 9 daga cikin bakin nasu warin yake tasowa. Baki wuri ne mai ɗumi da laima, cike da ƙwayoyin bakteriya. Wasu daga cikinsu ba sa son iska, sai su laɓe inda ba ta kaiwa: can bayan harshe, tsakanin haƙora, ƙarƙashin dasashi, cikin kogon haƙori. Abincinsu guntun nama ne, da majinar da ke gangarowa ta bayan hanci, da jinin dasashi, da matacciyar fatar cikin baki. In sun ci sai su fitar da iska mai sinadarin farar wuta, irin wadda ke tashi daga baragurbin ƙwai. Ita ce mutane ke ji. Yawu ne ke wanke baki dare da rana, kuma yana raguwa a lokacin barci, shi ya sa kowa yake tashi da ɗan wari da asuba. Wannan ba cuta ba ce, aswaki da karin kumallo sun ishe shi. Wanda muke magana a kai shi ne wanda ke dawowa awa ɗaya ko biyu bayan an goge baki.

Ciki kuwa, hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi a tsuke take, ba ta buɗewa sai in an haɗiyi wani abu ko an yi gyatsa. Numfashin da ke fita da magana daga huhu yake zuwa, ya bi ta kan harshe. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya tsira da kuɗi mai yawa.

Hanyar kemis ita ta fi cika, kuma na fahimci dalili. Tana kusa, babu kati, babu layi, babu wanda zai ce ka buɗe baki ya leƙa. Mutum zai rage murya ya faɗi damuwarsa, a tambaye shi ko yunwa na murɗa masa ciki ko ƙirjinsa na zafi, ya ce e, sai a ce ulsa ce, a ba shi omefrazol da farin maganin nan na kwalba. Ga mafi yawan mutane an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ba na cewa ciki ba shi da hannu sam. Mai fama da ƙwannafi, wanda ruwan tsami ke taso masa har maƙogwaro in ya kwanta, gyatsarsa kan yi wari, kuma akwai binciken da ya alaƙanta ƙwayar Helikobakta, mai jawo gyambon ciki, da warin baki a wasu mutane. Sai dai waɗannan tsiraru ne, kuma suna zuwa da alamominsu. Wanda yake zargin ƙwayar, gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi masa, kuma shan omefrazol yana iya ɓoye ta, shi ya sa likitoci ke cewa a dakatar da shi mako 2 kafin gwajin. Kun ga ke nan wanda ya fara da sha ya ɓata wa kansa hanyar ganowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro a kemis shi ne filajil, saboda yana aiki. Ainihin ƙwayoyin nan marasa son iska yake kashewa, don haka cikin 'yan kwanaki sai wari ya ɗauke, mutum ya ce ya samu maganinsa. Amma maɓoyarsu tana nan yadda take, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan an daina sha su dawo, shi ma ya koma ya sake saye, har ya zama duk wata sai ya sha. A haka ake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da za a buƙace shi don ciwo na gaske ya ƙi ci. Likitan haƙori ma yakan rubuta shi a wani nau'in ciwon dasashi mai tsanani, amma na kwanaki ƙididdigaggu, kuma tare da wanke wurin.

Mai maganin gargajiya da ke cewa dattin ciki ne, kuskurensu ɗaya da na kemis, sai dai nasa ya fi tsada ga jiki. Yawancin tsimin wankin ciki gudawa yake sawa. Gudawa tana zuƙe ruwan jiki, baki ya bushe, yawu ya ragu, warin ya ƙaru. Ga shi ba a san abin da ke ciki ba balle adadin da ya kamata a sha, kuma ƙoda da hanta ne ke ɗaukar nauyin tace shi. Ƙanina ya ce duk safiyar da ya sha sai ya wuni da jiri a shago. Wannan hanyar ban ga wanda zan ba shawarar ya bi ta ba.

Kayan ƙamshi su daban ne, don ba su da laifi in an san iyakarsu. Kanumfari da ake aunawa a Kasuwar Kurmi ko ta Rimi yana da wani mai a cikinsa da likitocin haƙori da kansu suke amfani da shi, yana ɗan kashe zafi yana kuma ɗan rage ƙwayoyin cuta. Ƙwaya ɗaya a kunci kafin shiga taro ko sahun sallah dabara ce mai kyau. Haka ganyen na'ana'a da kirfa. Amma aikinsu irin na turare ne a kan rigar da ba a wanke ba, ɗan lokaci kaɗan ya gushe. Man kanumfari tsantsa kuma yana ƙona dasashi, kada a ɗiga shi kai tsaye. Alawar minti ta fi su rauni, domin sukari ce, wanda yake tsotsa goma a wuni yana kiwon ƙwayoyin da ke huda haƙori ne. In dole sai an tauna wani abu, cingam marar sukari ya fi, don yana tsinko yawu.

Ruwan kurkure baki ba duka ne ɗaya ba, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi don ba sa karanta jikin kwalba. Akwai wanda ƙamshi ne kawai da launi. Akwai mai sinadarin zinki, wanda ke kama iskar farar wutar nan ya kashe warinta na wasu awanni, shi ne ya fi dacewa da amfanin yau da gobe. Akwai kuma mai kuloheksidin, irin Corsodyl, wanda ya fi kowanne ƙarfi wajen kashe ƙwayoyi, amma in aka daɗe ana yi yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, ya kuma dagula ɗanɗanon abinci. Shi magani ne na mako ɗaya zuwa biyu bisa umarnin likita, kuma ana ba da tazarar kamar rabin awa tsakaninsa da makilin. Wasu nau'o'in, har da wasu na Listerine, suna da alkahol a ciki, wasu kuma an rubuta babu. Ko don addini ko don mai bushewar baki ba ya buƙatar abin da zai ƙara masa raɗaɗi, marar alkahol ya fi mana. Duk cikinsu dai babu wanda ke ɓamɓare dattin da ya daskare. Ruwa ne ke wucewa ta sama.

Yanzu ga tambayar da aka fi yi min gardama a kanta a majalisa: aswaki ko buroshi? Masu aswaki suna da hujja mai ƙarfi. Sunna ce tabbatacciya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da ya umarce su da shi a kowace salla. Saiwar arak da alhazai ke kawowa tsaraba, da reshen darbejiya da muke karya a ƙofar gida, duka suna da sinadaran da ke rage ƙwayoyin baki. Babbar falalarsa kuma yana aljihu. Mai aswaki yana iya goge baki sau biyar a wuni a wajen alwala, mai buroshi kuwa daga safe sai dare, in ma ya yi na daren. A kasuwa, bayan an ci shinkafa da wake ko ɗan wake da rana, babu mai fito da buroshi, amma aswaki ba ya buƙatar ko ruwa.

Rauninsa a siffarsa yake. Gashinsa a tsaye yake a kan sandar, don haka yana goge haƙoran gaba fes, amma da ƙyar yake kaiwa bayan turame da ɓangaren da ke kallon harshe. Ka lura da masu aswaki a bakin masallaci, yawanci haƙora shida na gaba suke ta gurza, wasu da ƙarfin da har dasashi ke ja da baya. Sannan akwai masu ajiye shi a aljihu mako guda ba a yanke kan ba, alhali ana so a riƙa datse tsohon kan ana tauna sabo. Buroshi kuwa gashinsa a gicciye yake, yana shiga lungu, kuma yana zuwa da makilin mai fuloraid, wanda ke ƙarfafa haƙori ya hana shi kogo. Ƙa'idarsa sau 2 a rana, minti 2 kowane karo, na dare shi ne mafi muhimmanci, a tofar da kumfar ba tare da an kurkure da ruwa nan take ba, a canza buroshin duk wata 3. A sayi mai laushi. Mutanenmu sun fi son mai tauri don suna ganin ya fi fitar da datti, alhali dasashi yake ci. Don haka ni ban ga abin zaɓe tsakaninsu ba: buroshi da asuba da kafin kwanciya, aswaki a tsakani. Gawayi, toka, gishiri da lemon tsami da ake ta yaɗawa a TikTok kuwa, farin da suke kawowa na kankare fatar haƙori ne, kuma ita ba ta sake tsirowa.

Akwai wurare biyu da aswaki da buroshi duk suke tsallakewa, kuma a nan gizo ke saƙar. Na farko harshe. A daren nan a soro na aika aka kawo ƙaramin cokalin shayi, na ce wa ƙanina ya zaro harshe ya kife cokalin can baya iya inda zai jure, ya jawo shi gaba a hankali. Abin da ya fito wani farin abu ne mai kauri da ya ɗan yi rawaya, kamar ƙasarin koko. Na ce ya bari ya sha iska kaɗan ya shinshina. Ya yi, ya kawar da kai, ya ce, "Wallahi Yaya shi ne." Wata takwas yana neman abu a ciki, ga shi a bayan harshensa. Saman harshe ba sumul yake ba, kamar tawul yake, datti na maƙalewa a ciki, kuma bayan ya fi gaba tarawa don gaban yana gogar ganɗa da haƙora kullum. Ana sayar da makankarin harshe na roba ko na ƙarfe a manyan kemis, cokali ma yana yi. Sau ɗaya ko biyu a rana, ja huɗu ko biyar, ana ɗauraye shi bayan kowane ja, ba tare da dannawa har ya yi jini ba. Kwanakin farko zai sa yunƙurin amai, yin sa kafin a ci abinci da sakin numfashi a hankali yana rage hakan. Cikin duk abin da na lissafa babu mai arha kamarsa, kuma babu wanda ke saurin nuna bambanci kamarsa.

Na biyu tsakanin haƙora. Mu mutanen tsire ne da balangu da kilishi, kuma silin nama ɗaya da ya kwana biyu a tsakanin turame ya isa ya ɓata baki gaba ɗaya. Tsinken sakace yana fitar da babban, amma ba ya share gefen haƙori, kuma yawan cusa shi na raunata dasashi. Zaren sakace ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada sau ɗaya a turamen baya ya shinshina zaren, zai san ko akwai matsala a wurin.

To in an yi duk wannan mako biyu cur, wari bai tafi ba, ko kuma ana ganin jini a kumfar makilin ko a kan aswaki, lokacin likitan haƙori ya yi. Jinin nan da muke rainawa, muna cewa buroshi ne ya yi tauri, shi ne alamar farko ta ciwon dasashi. Dattin da ba a goge ba yana daskarewa a gindin haƙora ya zama kamar siminti, dasashi ya kumbura ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin su samu gidan da babu buroshin da zai kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani, sama da mutum biliyan 1. Sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa mutum ba ya sani sai haƙori ya fara girgiɗi. Masu ciwon suga, masu juna biyu da masu shan sigari sun fi saurin kamuwa.

Abin da ke hana mutane zuwa, bayan kuɗi, shi ne maganar da ta zaga gari cewa wankin haƙori na asibiti yana raunana haƙora ya buɗe musu tsakani. Ƙanina ma da ita ya fara kare kansa. Gaskiyar ita ce na'urar ba haƙori take ci ba, girgiza take yi da feshin ruwa ta farfasa daskararren dattin. Gibin da ake gani bayan an gama, ciwon ne ya riga ya yi shi, dattin ne ya cike shi ya rufe. Haƙora kan yi tsami in an sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki, sannan su lafa. Na raka shi ranar da aka yi masa. Da ya kurkure ya tofar, sai ga ɓarɓashi baƙi-baƙi da ruwan ƙasa kamar tsakuwar shinkafa, yawancinsu daga bayan haƙoran ƙasa na gaba, inda shi bai taɓa gani a madubi ba. Likitar ta kuma nuna masa wani turmi na sama da ya yi kogo ta gefe, inda abinci ke shiga ya kwana. Ta ce masa, "Malam, wannan ko duk maganin ulsar Kano ka shanye ba zai fito ba."

Asibitin gwamnati ko na kuɗi? Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da sashen haƙori, a nan ne ma ɗaliban tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero ke koyon aiki, kuma Asibitin Murtala da ke cikin gari shi ma ana duba haƙori. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, kuma in aka gano matsalar ba ta haƙori ba ce, sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko na ciwon suga yana kusa, a tura ka kawai. Abin da za ka biya shi ne lokacinka: sammako, yankar kati, jira, wataƙila a ba ka wata ranar. Na kuɗi ya fi tsada amma ɗan kasuwar da rufe shago na wuni guda ya fi masa asara yana iya gamawa cikin awa ɗaya ko biyu. Ko wanne aka zaɓa, a tabbatar likitan haƙori ne na gaske mai rajista, ba masu cire haƙori a bakin kasuwa ba, kuma ana dafa kayan aiki tsakanin mutum da mutum, don ciwon hanta na bin jini. A lissafa kuma da kyau: wankin haƙori sau ɗaya ko biyu ne a shekara, kwalbar kurkura da katin magani kuwa duk wata ne.

Saura mutum 1 ko 2 cikin goman nan, waɗanda likitan haƙori zai ce bakinsu lafiya lau. Mafi yawansu hanci ne ko maƙogwaro. Mai toshewar hanci da ba ta warkewa, da majina mai kauri da ke gangarowa ta baya, da nauyin goshi ko kumatu, musamman lokacin hunturu da ƙura ta rufe gari, shi warinsa har ta hanci yake fita ko bakinsa a rufe. Wasu kuma ƙululun nan biyu na gefen maƙogwaro, tonsil, su ne ke da ramuka, wasu fararen ƙwayoyi kamar tsakin gero su taru a ciki, wani lokaci su fito da tari, in aka murƙushe su wari ya tashi. Kurkurar maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri na taimakawa, in suna yawan dawowa a ga likitan maƙogwaro. Ina roƙo kada a kai wa wanzami ya cire beli a kan wannan, beli ba shi da laifi, kuma zubar jini da shigar cuta na biyo baya. Iyaye kuma su kula: yaron da hancinsa ɗaya kaɗai ke zubar da majina mai wari, galibi wani abu ya cusa, ƙwayar gyaɗa ko dutsen ado ko guntun soso. Asibiti za a kai shi, kada a sa tsinke.

Akwai warin da ba na jira ba ne. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma kamar ruɓaɓɓen kayan marmari, yana yawan fitsari da ƙishirwa da amai da galabaita, gaggawa ce, a tafi da shi a daren. Wari irin na fitsari tare da kumburin ƙafa ko fuska yana nuna ƙoda. Idanu rawaya da kumburin ciki, hanta. Tari mai wari da ya wuce mako 2, da rama da zufar dare, a gwada huhu. Gyambo a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba a leɓe, a nuna wa likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Bushewar baki kuwa tana ƙara wa kowane irin wari ƙarfi, kuma garinmu na bushewa ne, daga hunturu zuwa zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Direba, tela, malamin makaranta da ke magana tun safe, da yawa ba sa shan ruwa sai sun ci abinci. Wasu magunguna ma na busar da baki, irin su Piriton da wasu na hawan jini, amma ba a daina na hawan jini da kai, likita ake gaya wa. Mai barci da baki a buɗe saboda toshewar hanci shi ma haka. Goro yana barin dusa a tsakanin haƙora, sigari da shisha suna ƙara nasu warin a kan lalata dasashi. Albasa da tafarnuwa hukuncinsu daban: sinadarinsu jini yake shiga ya fito ta huhu, don haka goge baki ba ya raba ka da shi sai ya gama fita da kansa, wani lokaci har washegari. Hikimar hana wanda ya ci su ɗanye kusantar masallaci a fili take. Mai azumi kuma, hadisi ya ɗaukaka canjin bakinsa a wajen Allah, amma wannan na wofintar ciki da ƙarancin yawu ne, bai shafi dattin harshe da ciwon dasashi ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi babu laifi mai azumi ya yi aswaki duk tsawon yini, malamai dai sun fi son busasshe. A kankare harshe bayan sahur, a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da kwanciya.

Wani abu da ya kamata a sani kafin a kashe ko sisi: mutum ba ya iya jin warin bakinsa daidai, hanci na sabawa da shi. Hura iska a tafi ba gwaji ba ne. Akwai masu wari da ba su sani ba, akwai kuma waɗanda ba su da komai amma sun tabbatar wa kansu suna da shi, duk wanda ya sosa hanci a gabansu sai su ce saboda su ne, har su daina zuwa ɗaurin aure da majalisa. Irin waɗannan in likita ya duba ya ce babu, kuma wani amintacce ya ce babu, abin da suke buƙata mai sauraron damuwarsu ne, ko da likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma babu abin kunya a ciki. Don haka a nemi mutum ɗaya da ba zai yi ƙarya ba, miji ko mata, uwa, ko ɗan'uwa, a tambaye shi a lokuta daban-daban na wuni. Wanda aka tambaya ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, a keɓe, ya haɗa da inda za a je. Zaman aure da yawa ya yi sanyi a kan wannan, kowa na kawar da fuska babu mai iya furtawa.

Ƙanina an cike masa turmin nan a zuwa na biyu, aka ba shi ruwan kurkura na mako guda, aka ce ya dawo bayan wata shida. Jarkar tsimin nan kuwa, matarsa ce ta tuttular da ita a kwata. Jinin dasashin ya ɗauki kusan kwana goma kafin ya tsaya, zaren sakace kuma har yanzu yakan manta da shi in ya dawo a gajiye, sai ta ajiye masa a kan faranti kusa da abincin dare. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo soro bayan la'asar, ya zauna daf da ni har gwiwarmu na haɗuwa, ya yi ta ba ni labarin yadda kuɗin shadda ya tashi, da aswakinsa a aljihun gaba.